Ina Bakano Yake Zuwa Hutu?

Duk shekara hukumar kula da yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedikwata a Madrid, takan fitar da lissafin ƙasashen da baƙi suka fi yi wa tururuwa. Faransa ce ta daɗe riƙe da kambun, da baƙi wajen miliyan 100 a shekara. Sifaniya na take mata baya, don a 2024 ta karɓi kusan miliyan 94. Daga nan sai irin su Amurka da Turkiyya da Italiya. A Afirka kuwa, a 2024 ɗin ce Maroko ta sha gaban Masar, ita da baƙi miliyan 17 da 'yan kai, Masar da miliyan 15 da 'yan kai. Mujallun ƙasashen waje su kuma sai su ɗora nasu jerin a kai: birnin Faris, birnin Rum, tsibirin Bali, bakin teku mai farin yashi, mutum kwance a rana babu riga. Wanda ya karanta irin wannan zai zaci mu mutanen Kano a gida muke kwana, a gida muke tashi.

To, ya je tashar Unguwa Uku a makon da aka ba yara dogon hutu, ko ana jibi Sallah. Tun asuba Sharon da Golf da Homa sun yi layi, 'yan kamasho na ƙwala kiran Zariya, Kaduna, Abuja, Jos. Ga wata uwa ta kawo 'ya'yanta uku za ta sa su a mota zuwa Kaduna wurin ƙanwar mijinta. Ta biya kujera biyu, ƙaramin a cinya. Ta karɓi lambar direba, ta rubuta ta gwaggon a takarda ta cusa a aljihun babban. "Direba, ga amana nan. Don Allah kada ka sauke su sai a Kawo, gwaggonsu na can tana jira." Shi kuma ya ce, "Kada ki damu Hajiya, ai 'ya'yana ne." A but an danna jakar ganamasgo: kayan sawa, ledar gurasa, ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa, da alkaki na maigidan can. Yaran nan za su yi wata guda. Ba otal, ba tikitin jirgi, babu kuma hukumar da za ta ƙidaya su. Amma idan yawan mutane ake bi, babu wurin hutun da ya kai gidan gwaggo da gidan kaka farin jini a ƙasar Hausa.

Abin da nake gani shi ne, Bakano matafiyi ne na gaske, sai dai tafiyarsa ba ta tsayawa da ƙafarta sai an jingina ta da dalili. Ka ce wa mahaifinka za ka Jos, tambayar farko ita ce, "Me za ka je yi?" In ka ce biki, ko duba mara lafiya, ko sari, sai ya sa maka albarka. In ka ce kallo kawai, sai ya dube ka ya sake dubawa. Wannan ba sabon abu ba ne. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, wata da watanni bisa jakuna. Sun tafi gabas neman karatu, sun yi ci-rani, sun taka zuwa Makka da ƙafa. Duk sun ga duniya, sun dawo da labari, amma babu wanda ya ce ganin duniyar ne ya fitar da shi.

Hutun da Turawa suka sani kuwa yana da tarihinsa, kuma bai tsufa sosai ba. A 1841 ne Thomas Cook ya fara shirya wa jama'a tafiyar haɗin gwiwa a jirgin ƙasa a Ingila. A 1936 Faransa ta kafa dokar ba kowane ma'aikaci hutun mako biyu da albashinsa, daga baya ya kai mako biyar. Wato sai da aka sami ma'aikacin da za a biya shi yana kwance, sannan aka sami garuruwan da sana'arsu ita ce karɓar masu kwanciya. Dokar ƙwadago ta Nijeriya kwana shida ta ajiye a matsayin mafi ƙarancin hutun shekara, ita ma ga wanda yake da takardar ɗaukar aiki. Mai shago a kasuwar Tarauni, da dillali a 'Yan Awaki, da ɗan adaidaita mai biyan balas kullum, wa zai biya su ranar da ba su fito ba? Irin wannan mutum in zai bar gari, dole tafiyar ta kawo lada, ko riba, ko lafiya, ko zumunci. Shaƙatawar sai ta biyo a ciki, a matsayin gyara.

Shi ya sa idan za a jera wuraren da mutanen Kano suka fi so a duniya, babu gardama kan na ɗaya. Makka da Madina ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu da na biyu ba kaɗan ba ce. A da tafiyar shekaru ce: ta Barno, ta Cadi, ta Sudan, ana tsayawa ana noma ko ƙwadago a tara guzuri a ƙara gaba. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, mabiyansa sun ci gaba da tafiya har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kuma jikokinsu na can suna Hausa har yau. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi tasa tafiyar a 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, kuma da tafiya ta yi tafiya, abin da yake cin shekaru ya koma sa'o'i kaɗan daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda.

Aikin Hajji farilla ne, ba a sa shi a sahun hutu. Umara ce ta cike wannan gurbin, musamman ta goman ƙarshe na azumi, lokacin da manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasa da matansu suke ɗauke ƙafa daga gari. Duba yadda kwanakin suke tafiya. Bayan ɗawafi da sa'ayi akwai ziyara zuwa Uhudu da masallacin Ƙuba da Ƙiblataini. Akwai jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2018, wanda yake haɗa Makka da Madina cikin awa biyu da ɗoriya, tafiyar da bas yake kwashe rabin yini a kai. Mai hali ya hau Ɗa'if ya sha iska mai sanyi, ko ya kai iyali bakin teku a Jidda. Sai kasuwa, wadda ita ma rukuni ce a wurin Hajiyoyi: dabino, carbi, sallaya, jallabiyar yara, turare, abaya, a da can har da haƙorin Makka. Duk abin da ɗan Faransa yake nema a hutunsa, sauyin wuri da sauyin abinci da barin hayaniyar aiki, mai umara ya samu, ga kuma lada. Babu wanda zai tambaye shi me ya je yi. Malamai dai sun daɗe suna muhawara kan mai zuwa umara duk shekara alhali maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba, kuma ni ina ganin masu wannan ƙorafi suna da hujja. Sai dai ko an daina maimaitawa, layin waɗanda ba su taɓa zuwa ba ya isa ya cika jirage.

Ziyarar shehunai ma tana cikin wannan sahu. 'Yan Tijjaniyya suna zuwa Kaulaha a Senegal lokacin Maulidi, alaƙar da ta samo asali tun haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a ƙasa mai tsarki a 1937. Wasu da jirgi, wasu da mota, kwana da kwanaki suna ratsa ƙasashe. Masu ƙarfi suna kaiwa Fas a Maroko, inda kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake. Ƙadirawa zuciyarsu na Bagadaza. Wanda bai da kuɗin fasfo kuma ga Hubbaren Shehu a Sakkwato. Mutumin da ya je Fas ziyara ya ratsa lungunan tsohon birni ɗaya da Bature ya biya kuɗi ya zo gani, ya wuce majema ɗaya, ya sha shayin na'ana'a ɗaya. Bambancin kawai abin da kowa ya faɗa a gida kafin ya fito.

Dubai ita ce ta biyu a bakin mutane, kuma ita ma da dalilinta. Baƙi sama da miliyan 18 suka shiga birnin a 2024, yawancinsu don dogayen benaye irin Burj Khalifa mai tsawon mita 828, da manyan kantuna, da yawo a rairayi. Mutumin Kantin Kwari kuwa unguwar Deira ya sani: yadi, leshi, takalma, jakunkuna, waya, zinare, kayan lefe. Sai ya gama sari ya miƙa wa 'yan kago, sannan ya ware yini ɗaya ya ɗauki hoto a gindin dogon benen. A watan Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, jirgin Emirates ma ya janye saboda kuɗinsa da suka maƙale a ƙasar nan. Ba a dawo da bizar ba sai Yulin 2024, jirgin kuma sai Oktoba. A wannan tsakani ba a ji Kwari ta rufe ba. Masu sari sun ƙara karkata zuwa Guwanzu ta Sin da Istanbul da Alƙahira, abin da ya nuna kayan ake bi, ba benen ba.

Masar da Indiya kuwa galibi ciwo ne yake kai mutane. Ana zuwa ganin likita, in an sami sauƙi a leƙa dalar Giza, a shiga jirgin ruwa a Nilu, a yi sallah a Azhar. Ta Indiya ce take ba ni dariya. Shekara da shekaru muna kallon finafinansu, har masana'antarmu ta Kannywood, wadda ofisoshinta da yawa suke nan Zoo Road, ta ɗauki salon rawa a gindin dutse da bakin ruwa. Ashe da yawa daga tsaunukan ƙanƙarar da muke gani a waɗannan finafinai ba ma a Indiya suke ba, a Suwizalan aka ɗauka. Wanda ya kai mahaifiyarsa aikin ƙoda Delhi, in Allah ya sa an dace, iyakarsa ya je Agra ya ga Taj Mahal.

Turai ba sai an daɗe a kanta ba. Kuɗin neman bizar Shengen ya koma Yuro 90 a 2024, ba a mayarwa in an hana ka, kuma ana hana 'yan Nijeriya da yawa. Su kansu masu wuraren sun fara gajiya da baƙi: a 2024 Benis ta sa harajin Yuro 5 ga masu shigowa yini guda, a Basalona kuwa mazauna gari sun fito zanga-zanga a 2024 har suna fesa wa 'yan yawon buɗe ido ruwa. Landan ta zama ta 'yan tsirarun da suke da gida ko ɗa a makaranta a can.

Sai kuma Naira ta zo ta yi wa kowa hukunci ɗaya. Kafin Yunin 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Kujerar Hajji da take kusan miliyan 3 a 2023 ta wuce miliyan 8 a 2025. Cire tallafin fetur ya taɓa har kujera biyun da uwar can ta biya a tasha. Da waje ya yi tsada haka, kamata ya yi ido ya dawo gida. A nan ne maganar take da ciwo.

Kano ta taɓa samun gwamnan da ya ɗauki shaƙatawa da muhimmanci. Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa Gidan Zoo, wanda ɗan Gyaɗi-Gyaɗi zai iya takawa da ƙafa. A zamaninsa aka yi madatsar Bagauda da ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aka kuma yi otal a bakin kowacce: na tafkin Bagauda, da Rock Castle da ke kan dutse yana kallon ruwan Tiga. Gaba kuma, a hanyar Jos bayan Tudun Wada, ga dajin Falgore. Duk ta wannan titi na Zariya da ya ratsa Unguwa Uku ake kama hanyarsu. Madatsun sun yi aikinsu, shinkafar Kura da tumatirin Kadawa shaida ne. Wuraren hutun ne suka sha wuya. Otal ɗin Bagauda ya koma reshen makarantar horar da lauyoyi. Rock Castle ya shafe shekaru a yashe. Falgore ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu, har direbobi suna gudun dare ya yi musu a cikinsa.

An saba ɗora laifin a kan rashin gyara, kuma gaskiya ne, abin gwamnati in wanda ya gina ya tafi sai ya zama maraya. Amma ina ganin akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. An gina wuraren ne da wani irin baƙo a zuciya: mutum da matarsa da 'ya'ya biyu, su kama ɗaki, su ci abincin otal, su kwana uku. Iyalin Bakano ba haka suke fita ba. Su goma sha ne, da ƙanwar uwargida da 'ya'yan maƙwabta. Da kulolin shinkafa da jarkar zoɓo suke tafe, da tabarma. Ba za su kwana ba, don kwanan otal a garinku abu ne da ake yi wa wani kallo, ballantana ga mace. Abin da suke bukata inuwa ce, da banɗaki mai tsabta na mata daban, da wurin alwala da sallah, da shinge tsakanin yara da ruwa mai zurfi, da tabbacin za su dawo gida kafin magariba. Gidan Zoo ya rayu ne saboda ya yi daidai da wannan: kuɗin shiga kaɗan, a cikin gari, a je a dawo. Ranar yawon Sallah sai ka ga layi ya fito har titi, yara cikin sababbin ɗinki, masu hoto da masu alawa da masu balan-balan suna ta ciniki. Ko zakin da ya kuɓuce daga kejinsa a 2019 bai kore su ba.

Yankari ita ce ta fi kusa da abin da duniya take kira wurin hutu, kuma ta cancanta. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200 a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Akwai giwaye, da ɓauna, da gwanki, da birai marasa kunya da suke fizge leda a hannun baƙo. Ruwan Wikki yana fitowa daga gindin dutse, garau kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wanda ya shiga cikinsa da sanyin asuba a watan Janairu ba zai manta ba. Sai dai ga wani saɓani: dogon hutun makarantunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da ciyawa ta rufe daji, dabbobi sun bazu saboda ko'ina akwai ruwa. Lokacin ganin giwa rani ne, in sun taru a bakin kogin Gaji. Maigidan da yake son kai yara, hutun Disamba ya kamata ya nufa, ko na wajen Afrilu in zai jure zafi.

Mu ma fa wurin zuwa ne. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya take taƙama da su, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Abin takaici, shaidar ta zo daidai lokacin da rikicin masarauta ya sa ake ta dakatar da hawan. Ga marinar Ƙofar Mata, ga Kurmi, ga Gidan Makama, ga dutsen Dala, wanda na tabbata akwai waɗanda aka haifa a Tarauni, suka yi furfura, ba su taɓa hawansa ba, amma sun hau dutsen Arfa.

Akwai wata taswira kuma da ba ta cikin jerin kowace mujalla, ita ce ta zango. Bahaushe zai tashi daga Kano ya je Kumasi, ko unguwar Nima a Akara, ko Garwa da Ngaundare a Kamaru, ya yi ciniki, ya tambayi hanya, ya sami masauki da tuwo, bai sauya harshe ba. Zuwa Gana ko Togo ko Benin ba ya bukatar biza. Mutane kaɗan ne a duniya suke da irin wannan gata, kuma fatake ne suka bar mana shi gado. Mafi kusa a wannan taswira ita ce Nijar. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sa an rufe iyaka har zuwa Maris 2024, 'yan'uwan juna a Jibiya da Maraɗi suka koma bin hanyar daji. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina, an aza harsashinsa tun 2021.

Can arewa kuma ga Agadas. UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, da fadar Sarkin Abzin, da bikin Biyanu, da taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina. A da Turawa ne suke cika garin, jirage na kawo su kai tsaye daga Faransa, maƙeran azurfa da dukawa da masu jagora a hamada suna ci da su. Tawayen 2007 da sace-sacen baƙi da suka biyo baya suka kore su. Daga Kano zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, daga can zuwa Agadas wajen 450, wato duka tafiyar ba ta kai ta Legas ba. Hausa ake yi a kasuwar garin. A cikin birnin Kano kuma akwai unguwa sukutum mai suna Agadasawa, tun zamanin da ayarin raƙuma yake sauke gishirin Bilma a nan. Abin da ya hana Bakano zuwa yau shi ne lalacewar hanya bayan Tanut, da shingayen bincike, da tsoron abin da zai tarar a daji, ba rashin dalilin da zai faɗa wa mahaifinsa ba.